Daga Biliyan 1 Zuwa 8: Yadda Jama'ar Duniya Suka Yawaita Da Yadda Rinjaye Ke Sauya Nahiya

A ranar 15 ga Nuwamban 2022 ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana cewa mutanen da ke raye a doron ƙasa sun cika biliyan 8. Ƙiyasi ne da aka gina a kan ƙidayar ƙasashe da rajistar haihuwa da mutuwa, babu wanda ya bi gida-gida, amma bai yi nisa da gaskiya ba. Abin lura shi ne tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a kai nan. Tun farkon ɗan Adam ake tafiyar hawainiya, sai wajen 1804 aka haɗa biliyan na farko. Na biyu ya zo a 1927, bayan shekara 123. Daga nan sai gudu: na uku a 1960, na huɗu a 1974, na biyar a 1987, na shida a 1999, na bakwai a 2011. Dattijon da aka haifa a 1950, lokacin da duniya ke da mutum biliyan 2.5, ya ga jama'a sun ninka fiye da sau uku a kan idonsa. Babu tsarar da ta taɓa ganin irin wannan, kuma da wuya wata ta sake gani.

Idan ka tambayi mutane dalili, abin da ke fara zuwa baki shi ne haihuwa ta yi yawa. Alƙaluma kuwa akasin haka suke faɗi. A shekarun 1950 da 1960, in aka yi matsakaicin lissafi, kowace mace a duniya tana haifar 'ya'ya biyar a rayuwarta. Yau adadin bai wuce 2.3 ba. Haihuwa ta ragu da fiye da rabi a daidai lokacin da jama'a ke ninkawa. Abin da ya sauya shi ne mutuwa, musamman ta ƙananan yara. Wanda ya riƙe wannan ya kama bakin zaren, domin shi ne ke bayyana yawaitar, shi ne kuma ke bayyana dalilin da ya sa rinjaye ke tashi daga wannan nahiya ya koma waccan.

Duniyar da ake haihuwa ana binnewa

Kafin a fara noma, shekara dubu goma zuwa sha biyu da suka wuce, duk mutanen duniya ba su wuce 'yan miliyoyi ba. Noma ya ba da damar zama wuri guda da tara abinci, jama'a suka ƙaru, har a farkon ƙirgen miladiyya ana ƙiyasta mutum miliyan 200 zuwa 300. Zuwa shekarar 1500 an doshi miliyan 500. Wato shekara dubu da ɗari biyar aka kwashe kafin a ninka sau ɗaya.

Mata na haihuwa sosai a wancan zamani, biyar, shida, bakwai. Sai dai kusan rabin yaran ba sa kaiwa balaga. Binciken tarihi a wurare masu nisa da juna, daga daular Rum zuwa Sin zuwa Turai ta ƙarni na 18, kusan abu guda yake nunawa. Gudawa, agana, ƙyanda, zazzaɓi da yunwa su ne ke kwashe yara, gidan sarki da na talaka duk suna shiga. Mace ta haifi shida, uku su rayu, wataƙila biyu su kai ga aure su haifi nasu. Da haka adadi ke tsayawa kusan wuri ɗaya.

A kan wannan kuma sai manyan masifu su zo su mayar da hannun agogo baya. Annobar da Turawa suka kira Baƙar Mutuwa, tsakanin 1347 da 1351, ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai, ta kuma yi mummunar ɓarna a Masar da Sham. Bayan 1492, da Turawa suka shiga nahiyoyin Amurka da cututtukan da mutanen can ba su taɓa sani ba, ga yaƙi ga aikin bauta, 'yan asalin ƙasar suka ragu da kimanin kashi 90 cikin 100 a cikin ƙarni ɗaya da 'yan kai. Ita kuwa Afirka, cinikin bayi ta Tekun Atilantika kaɗai ya ɗebe mata mutum miliyan 12 da rabi, galibi matasa masu jini a jika, ban da waɗanda aka kai ta Sahara da Tekun Indiya, da waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙen kamu. Yayin da Asiya da Turai ke ƙaruwa, Afirka ta daɗe tana tsaye, kasonta a cikin jama'ar duniya yana ja da baya har zuwa 1900.

A duk tsawon wannan tarihi, Asiya ce gidan yawancin 'yan Adam. A wajen 1820, ƙasar Sin kaɗai na da kimanin kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya. Shinkafa na ciyar da mutane da yawa a ƙaramin fili, sannan masara da dankali da suka zo daga Amurka sun ba manoman Sin damar nome tuddan da a da ba sa nomuwa.

Turai ce ta fara shiga

A 1798 wani malamin coci ɗan Ingila, Thomas Malthus, ya kawo hujjar cewa mutane na ƙaruwa da saurin da abinci ba zai iya bi ba, don haka yunwa da cuta za su ci gaba da datse adadin. A matsayin bayanin abin da ya gabata, maganarsa tana kan hanya. Rashin sa'arsa shi ne ya faɗe ta a daidai lokacin da dokar ke shirin karyewa. Shekara biyu kafin nan, a 1796, Edward Jenner ya gwada rigakafin agana. A 1854 John Snow ya nuna cewa kwalarar da ke kashe mutane a wata unguwa ta Landan daga famfon ruwa guda take fitowa. Aka shiga gina magudanan ƙazanta da tace ruwan sha, jiragen ƙasa da na ruwa suka sa abinci ke isa inda aka yi fari.

Mutuwa ta ragu, haihuwa ba ta ragu nan take ba. Ai iyaye ba sa duba jadawalin ƙidaya kafin su yanke shawara. Sai sun ga da idonsu cewa yara sun daina mutuwa, kuma wannan kan ɗauki tsara ɗaya ko biyu. A cikin wannan tazara, tsakanin faɗuwar mutuwa da faɗuwar haihuwa, jama'a ke tumbatsa. Ingila da Wales na da mutum miliyan 9 a 1801, suka kai miliyan 32 da rabi a 1901, duk da ɗimbin waɗanda suka fice. Tsakanin 1820 da 1930 fiye da Turawa miliyan 50 suka tsallaka teku zuwa Amurka, Kanada, Ajantina, Birazil da Ostareliya. A 1900 mutum ɗaya cikin huɗu a duniya a Turai yake zaune, ban da 'ya'yanta da suka cika wasu nahiyoyi.

Yana da kyau a tuna da wannan duk lokacin da ake maganar "fashewar jama'a" a ƙasashe matalauta kamar wata ɗabi'a ce ta wasu jinsin mutane. Turai ta yi tata fashewar, sai dai ita ta samu nahiyoyi uku da ta juye rarar mutanenta a ciki. Wanda ya zo daga baya ya tarar an kafa iyakoki da biza.

Ko a cikin Turai ba tafiya ɗaya aka yi ba. Faransa, wadda ta fi kowace ƙasa jama'a a yammacin nahiyar a lokacin juyin juya halin 1789, ta riga kowa rage haihuwa, sai Jamus ta zo ta wuce ta a ƙarni na 19. Ailan kuwa ta haura miliyan 8 a ƙidayar 1841, sai cutar dankali ta jawo yunwar da ta fara a 1845. Kimanin miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi ƙaura, ficewar ta ci gaba shekaru da dama. Har yau tsibirin bai koma adadinsa na 1841 ba.

Sai sauran duniya, cikin gaggawa

Abin da ya ɗauki Turai fiye da ƙarni guda, Asiya da Latin Amurka sun same shi cikin shekara talatin zuwa arba'in bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Magungunan sun riga sun samu, sai dai a kai su: penisilin da 'yan uwansa, alluran rigakafi, feshin sauro, daga baya ruwan gishiri da sukari, wanda arharsa ta sa ake raina shi alhali ya ceci miliyoyin yara daga gudawa. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da kawar da agana baki ɗaya. A 1950 fiye da yaro ɗaya cikin biyar na mutuwa kafin ya cika shekara biyar. Yau bai kai huɗu cikin ɗari ba. Tsawon ran da ake sa wa jariri ya tashi daga shekara 46 zuwa 73.

Saurin ƙaruwar ya kai ƙololuwa a shekarun 1960, sama da kashi 2 cikin 100 a shekara, wanda ke nufin ninkawa duk bayan shekara 35. Hankalin masana ya tashi. A 1968 Paul Ehrlich na Jami'ar Stanford ya yi hasashen cewa ɗaruruwan miliyoyi za su mutu da yunwa a shekarun 1970. An yi yunwa a Bangaladash da yankin Sahel da Habasha, amma ba irin wadda ya hango ba. Takin zamani, wanda ya samo asali daga hanyar da Fritz Haber da Carl Bosch suka gano ta ɗebo sinadarin naitirojin daga iska a farkon ƙarni na 20, shi ke bayan abincin kusan rabin mutanen da ke raye yau. Ingantaccen irin alkama da Norman Borlaug ya samar a Meziko ya isa Indiya da Pakistan a tsakiyar shekarun 1960, amfanin gona ya yi tashin da ba a zata ba. Wannan nasara ba kyauta ta zo ba, don ruwan ƙarƙashin ƙasa da dazuzzuka da yanayi suna biyan kuɗinta har yanzu, amma mutanen sun ci sun rayu.

Daga nan haihuwa ta bi sahu, ita ma da sauri. Iran ta sauko daga 'ya'ya fiye da shida ga kowace mace a farkon shekarun 1980 zuwa kimanin biyu a 2000. Bangaladash ta tashi daga kusan bakwai a 1970 zuwa biyu da ɗan ɗoriya. Birazil da Tailan, da ke da shida a 1960, yanzu suna ƙasa da biyu. Addinansu daban, tsarin mulkinsu daban, arzikinsu daban, amma abubuwan da suka haɗa su sanannu ne: yara sun daina mutuwa, 'yan mata sun daɗe a makaranta, aure ya jinkirta, mutane sun koma birni inda ɗa ke cin kuɗi maimakon ya taya aikin gona, hanyoyin tazarar haihuwa kuma sun samu.

Misalin Sin ya cancanci a tsaya a kansa, saboda ana yawan jingina komai ga dokar ɗa ɗaya. Dokar ta fara aiki ne a wajen 1980. Kafin nan, a cikin shekarun 1970 kaɗai, haihuwa ta riga ta faɗo daga kusan shida zuwa ƙasa da uku. Wato mafi yawan aikin an gama shi kafin a zo da tilas. Abin da dokar ta ƙara shi ne zubar da ciki na dole, tara mai nauyi, da rinjayen maza a kan mata da miliyoyi, saboda iyalai da dama sun zaɓi namiji tunda ɗaya aka yarje musu. Maƙwabtanta da ba su yi irin wannan doka ba, su ma haihuwarsu ta faɗi. A ganina wannan na cikin manyan wahalhalun da aka ɗora wa jama'a a kan abin da zai zo da kansa. An sassauta zuwa biyu a 2016, zuwa uku a 2021, mutane ba su amsa ba. A 2022 jama'ar Sin suka ragu a karon farko tun yunwar farkon shekarun 1960, a 2023 kuma Indiya ta karɓe matsayi na ɗaya, kowacce na da sama da biliyan 1.4.

Taswirar yau

Jerin ƙasashe goma mafiya jama'a ya isa ya nuna sauyin. A 1950 akwai huɗu daga Turai a ciki: Rasha, Jamus, Birtaniya da Italiya, babu ko ɗaya daga Afirka. Yau Rasha ce kaɗai ta rage, Pakistan da Najeriya da Bangaladash sun shigo, Habasha na kafaɗa da kafaɗa da Meziko a gurbi na goma. Kason Turai ya faɗo daga fiye da kashi 20 cikin 100 a 1950 zuwa ƙasa da 10. Asiya na nan da kusan kashi 60, amma kason ya fara gangara. Afirka, da ke da mutum kimanin miliyan 230 a 1950, wato kashi 9, yanzu tana da biliyan 1.5, kusan kashi 19.

Afirka kudu da Sahara ce ta ƙarshe a layi. Mutuwar yara ta ragu ƙwarai a can, haihuwa ma na raguwa, sai dai a hankali: matsakaicin yankin ya sauko daga kusan bakwai a wajen 1980 zuwa huɗu da 'yan kai. A cikin nahiyar ma akwai tazara mai faɗi. Afirka ta Kudu da Tunisiya da Maroko suna wajen biyu, Kenya ta sauko daga takwas zuwa uku da ɗoriya, Nijar da Chadi da Somaliya da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo kuwa suna wajen shida. Hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne zuwa 2050 mutum ɗaya cikin huɗu a duniya zai kasance a Afirka, zuwa 2100 kuma fiye da ɗaya cikin uku.

Akwai wani abu da ke rikita masu sauraro: in haihuwa ta faɗi haka, me ya sa har yanzu ake samun ƙarin mutum kusan miliyan 70 duk shekara? Amsar tana cikin shekarun mutanen. Iyayen gobe an riga an haife su, kuma suna da yawa. Ko da kowace mace ta tsaya a 'ya'ya biyu daga yau, yawan matan da ke shiga shekarun haihuwa zai sa jarirai su fi mamata yawa na tsawon lokaci. Kamar babbar mota ce da ta sha kaya, ko an taka birki sai ta yi tafiya kafin ta tsaya. Haihuwar Indiya ta riga ta sauko ƙasa da 2.1, adadin da ake buƙata don tsara ta maye gurbin kanta, amma ana sa ran jama'arta za su ci gaba da ƙaruwa har shekarun 2060.

Wannan ƙarfin yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma, kuma a nan gizo ke saƙar ga ƙasashe masu tsufa. A Koriya ta Kudu matsakaicin haihuwa ga kowace mace ya sauko zuwa 0.72 a 2023. Da irin wannan adadi, mutum 100 za su haifi 'ya'ya 36, su kuma su haifi jikoki 13. Ko da jikokin sun koma haihuwa da yawa, su kaɗan ne, ba za su cike giɓin da wuri ba. Japan ta kai ƙololuwa da miliyan 128 a wajen 2010, tun daga nan take raguwa, ana rufe makarantu a karkara, gidaje miliyoyi babu kowa a ciki. Bulgeriya ta sauko daga kusan miliyan 9 a ƙarshen shekarun 1980 zuwa miliyan 6 da rabi, ƙarancin haihuwa da ficewar matasa suka haɗu a kanta. Rahoton Majalisar na 2024 ya lissafa ƙasashe da yankuna 63 da jama'arsu suka riga suka kai iyaka. Gwamnatoci sun gwada kuɗin jarirai, rangwamen haraji, hutun haihuwa mai tsawo. Hungary da Singafo da Koriya ta Kudu duk sun zuba dukiya. Sakamakon bai taka kara ya karya ba. Ya bayyana cewa shawo kan mutane su rage haihuwa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan shawo kansu su ƙara.

Saboda haka bambancin da ya fi nauyi tsakanin yankuna yanzu shi ne na shekaru. Rabin mutanen Nijar ba su wuce shekara 15 ko 16 ba. Rabin mutanen Japan sun doshi 50 ko sun haura. Ɗaya na neman azuzuwa da malamai da ayyukan yi, ɗaya na neman wanda zai biya fansho da wanda zai yi jinyar tsofaffi. Ana yawan cewa yawan matasa arziki ne, ana kafa hujja da Koriya ta Kudu da Taiwan da Sin. Gaskiya ne sun amfana, amma sun amfana ne a lokacin da haihuwa ta ragu, masu aiki suka fi waɗanda ake ciyarwa yawa, kuma aka tarar matasan sun yi karatu, masana'antu na jiransu. Inda babu waɗannan sharuɗɗa, yawan matasa bai zama arziki da kansa ba.

Mai karatu zai zaci ƙaura ce za ta daidaita ɓangarorin biyu. Tana taimakawa, amma ba ta kai yadda ake kururuta ta ba. Waɗanda ke zaune a ƙasar da ba a haife su a ciki ba sun kai kimanin miliyan 300, ƙasa da kashi 4 cikin 100 na jama'ar duniya. A wasu wurare tasirinta babba ne: ita ke riƙe da ƙaruwar Amurka da Kanada da Ostareliya, a Ƙatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuwa kusan tara cikin goma na mazauna baƙi ne. Babbar ƙaurar zamaninmu a cikin gida take, daga ƙauye zuwa birni. A 1950 kashi 30 cikin 100 ne ke birane, a wajen 2007 aka haura rabi. 'Yan ci-ranin da suka bar aikin gona a Sin kaɗai sun kusa miliyan 300, daidai da duk masu ƙaurar ƙasa da ƙasa a haɗe.

Game da inda za a tsaya, hasashen 2024 ya ce jama'ar duniya za su kai kimanin biliyan 10.3 a tsakiyar shekarun 2080, sannan su fara raguwa kaɗan-kaɗan. Adadin da ake sa wa shekarar 2100 sai sauka yake yi: biliyan 11.2 a hasashen 2017, 10.9 a 2019, 10.4 a 2022, 10.2 a 2024, saboda haihuwa na faɗuwa fiye da yadda aka zata, musamman a Sin. Lissafin shekara ashirin ko talatin masu zuwa yana da ƙarfi, tunda yawancin mutanen da zai shafa suna raye. Na ƙarshen ƙarni kuwa ya rataya a kan shawarar 'yan matan da ba a ma haifa ba. Majalisar da kanta ta nuna cewa in aka ƙara rabin ɗa a kan matsakaicin haihuwar da ta ɗauka, duniya za ta haura biliyan 14 a 2100; in aka rage rabin ɗa, za ta tsaya wajen biliyan 7. Wasu daga cikin ƙasashen da suka fi tasiri a wannan lissafi kuma sun daɗe ba su ƙirga mutanensu ba: Habasha tun 2007, Najeriya tun 2006, Kongo tun 1984.